Sunana a Shafin Farko

Talata, 24 ga Satumba, 2024

Gwaggo Asta ta kira ni ina tsakiyar darasi. Gwaggo ba ta kira haka kawai, tausayin kati take ji, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Wai jiya 'yan sa-kai sun je gida can Batsari sun yi sallama da Baba, sun tasa shi gaba zuwa wajen Dagaci. An bar shi ya dawo kafin la'asar, amma an ce kada ya bar gari.

Wai a kan littafi. Tsohon da ko lambar waya ba ya gani sai an karanta mashi.

Na ba 'yan aji huɗu rubutu su kwafa, na zauna a benci har aka buga ƙararrawa. Ban duba abin da suka kwafa ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Maigidan ya dawo daga sakatariya da labarin duka. A nan Safana ma kowa ya ji, ni ce dai ta ƙarshe kamar kullum.

Cikin littattafan labarin kisan kai da 'yan sanda da Baba ke wallafawa akwai wani, Mai Nuna Gida. Wani ya karanta shi a murya, 'yan dawunlodin suna tura wa mutane a memori, 'yan acaba da masu shayi kowa na saurare. Labarin wani ɗan gari ne da ke nuna wa ɓarayin daji gidan da za su shiga, yana bi da su ta wata ƙorama bayan Runka. Da mashigin, da tsamiyar da ake ɓoye babura, komai filla-filla. Satin da ya wuce aka shiga wani ƙauye can bayan Runka. Ta ƙoramar aka bi. A gindin tsamiyar aka ga sawun babura. Cikin matan da aka tafi da su har da ƙanwar Bashar, shugaban 'yan sa-kan unguwarmu ta Batsari, aure ya kai ta ƙauyen.

Shi kuwa Baba, washegari a teburin mai shayi ana maganar littafin, sai ya gyara zama ya ce ai duk lungun dajin nan a kanshi yake. Baban da iyakarshi gonar rogo. Baki shi ke yanka wuya, ba yau aka fara faɗa ba.

Sun ce ko dai infoma ne, ko ya san infoma. Ba na son rubuta kalmar nan ma. Bara aka laƙa wa wani mai faci ita a wani ƙauye nan kusa, aka tafi da shi a yi mashi tambaya. Har yau matarshi ba ta san ko takaba za ta shiga ba.

Dagaci ya roƙi arziki, an ɗaga zuwa Alhamis, goma ga wata mai kamawa. Baba ya zo ya faɗi inda ya samo hanyar nan. In bai faɗa ba, Dagaci ya ce shi hannunshi ba zai iya tare kowa ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Na je Batsari. Ta Kurfi muka zagaya, ba direban da zai bi ta Runka yanzu. A-kori-kura, ni da buhunan gero da wata akuya da ta ƙi jinina. Duk gaɓoɓina ciwo suke.

Baba na zaure a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, ya juya fuska wajen bango yadda ya saba. "An zo? An baro su lafiya?" Ina neman shekara arba'in, haka muke. Ni ce ɗiyar fari, shi kuma irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ya kama sunana, ba ya kallon idona. Tun yaye aka miƙa ni ga Gwaggo, yayarshi, wadda yanzu ta dawo gidan tana kula da shi. In zai yi magana da ni da bango yake yi, ko ya ce ma Gwaggo, "Gaya ma waccan."

Na ce Baba, ina ka samo hanyar nan? Ya ce daga kanshi ya ƙago. Na ce to a ba ni rubutun hannun in kai ma Dagaci. Gara ta cinye. Wace shekara aka buga? Ya ce mutumin da ya rubuta sun fi saba'in ina zai riƙe shekara.

A madafa Gwaggo na tuƙa tuwo kamar da tukunyar take faɗa. Jinjiri kowa ke kiran Baba. Ta ce, "Ke rabu da Jinjiri. Tun shekarar bikinki da idonshi ya fara hazo ban ƙara ganin biro a hannunshi ba. Littattafai dai su zo daga Kano da sunanshi, shi kau shina amsar gaisuwa."

Bikina 2008 ne.

A tasha na tambayi mai dawunlodin. Ya ce shi murya kawai ya sani, wani ya turo mashi, shi ma wani ya turo mashi. Bai taɓa ganin littafin a takarda ba.

Ke nan in ba Baba ya rubuta ba, aikina in nuna haka kafin ranar. Shi kuma ya kafe shi ne. Ban taɓa jin inda ake wanke mutum yana komawa taɓo da ƙafarshi ba sai gidanmu.

Lahadi, 29 ga Satumba

Na buɗe akwatin ƙarfe na ciro nawa. Guda ɗaya nake da shi cikin littattafan Baba, Jini a Kan Turke. Ban taɓa karanta labarin ba, ni gawa da ɗan sanda ba sa gabana. Shafin farko kawai.

"Sadaukarwa ga ɗiyata ta fari, Zuwairatu, sanyin idona."

Na je ganin gida ne na tsince shi a tabarmar zaure. Na ce ashe abin da baki ya kasa biro ya iya. Ban nuna wa kowa ba, ban tambayi kowa ba, na sa a jaka na taho. Duk ran da zaman Safana ya ishe ni nakan ciro in duba. Wannan kuwa shekara guda ne bayan aurena.

Shekara guda bayan aurena. Sai da na rubuta na ga abin da na rubuta. Na mayar da shi akwati, wanki na jira na.

Litinin, 30 ga Satumba

Ciwon kai. A ofishin malamai ina shiga aka sauya hira zuwa tsadar taki.

Talata, 1 ga Oktoba

Hutu. Na je wajen Hajiya Saude ta bayan kasuwa, wadda a da take ba da hayar littattafai, matan aure na aikowa a karɓar masu. Ta daina tun da waya ta kashe kasuwar. Littattafan na cikin buhuna a ɗakin kaji. Ta ce, "Kwashe duka ki rage mani, ɓeraye sun gama digiri a kansu."

Muka zazzage a tsakar gida. Wari, kashin kaji, atishawa har idona ya yi ja. Na ware masu sunan Jinjiri Batsari, suka cika buhu har da ɗori. Bangon duk iri ɗaya, wuƙa na ɗigar jini, ko mace ta dafe kai, ko mutum da baƙin tabarau. Hajiya ta ce a da na Baba ba sa kwana a shago, mata har faɗa suke a kan kashi na uku. "Amma na baya-bayan nan gishirin ya ragu, ban dai faɗa maki don rai ya ɓaci ba."

Mai Nuna Gida na ciki, na ɗaya da na biyu, na ukun ɓera ya ci ƙarshenshi. Na buɗe shafin farko. Sadaukarwar na nan, kalma bisa kalma.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ba littafi ko ɗaya da aka sa wa shekara. Hajiya ta ce da gangan masu bugawa ke yi, in an sa shekara littafi ya tsufa, ba mai saye. To Allah ya saka mani.

Sai na koma bin shafin gaisuwa, inda marubuci ke jero 'yan'uwa da abokai. Inda aka gaida Innarmu da rai, na da ne. Inda aka ce marigayiya, bayan 2003 ne. Inda Kawu ya zama Alhaji, an ƙara matsowa. A bayan bango wasu na da lambar wayar tebur ta shagon Alhaji Salmanu na Kano, mai buga wa Baba, wasu lambar salula. Haka na jera su layi-layi a tabarma kamar mai shanyar kuɓewa. Maigidan ya shigo ya rasa inda zai taka, ya fita ya bar mani ɗakin. Allah ya saka mashi da alheri.

Abin haushi, littafi ɗaya suna uku. Gawa a Tashar Mota shi ne Direban Asuba, shi ne kuma Wa Ya Kashe Kwandasta, bango kawai ake sakewa. Mata sun yi ta biyan haya a kan gawa ɗaya. Saba'in ɗin Baba dai sai raguwa suke a hannuna.

A na da ɗin kowa na cikin gaisuwa. Ƙannena duka da sunayensu, mai shayi, har direban da ke kai mashi rubutu Kano. Ban da ni. Sunana bai fara fitowa ba sai a layukan ƙarshe na tabarma, kuma daga inda ya fara, gaisuwar mutanen Batsari ta ɗauke.

Bayana kamar zai karye.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba, na karanta. Biyu daga na da, biyu daga na baya, da tsallake.

Ɗan sandan Baba, Sufeto Mannir, a na da mutum ne mai ciwon gwiwa. Keke yake hawa, ya zauna a tasha yana cin rogo da ƙuli, ya kama mai laifi da doguwar gaisuwa da tambayar lafiyar kakanni har mutum ya gaji ya yi suɓul da baka. Bai taɓa shiga daji ba, iyakarshi kasuwa da tasha da gidan biki. Muryar Baba sak, har "tau madalla" ɗinshi. Na yi dariya wuri biyu, na ji haushin kaina. A na baya Sufeton ya sami jif da bindiga, yana magana irin ta 'yan Kano, ba ya gaida kowa.

Ni na gani. Amma Bashar ba zai zauna in karanta mashi buhun littattafai ba, ƙanwarshi na daji.

Na gwada lambar salular da ke bayan bango, ban sa rai ba, sai ta shiga. Alhaji Salmanu ya rasu, ɗanshi ne ya ɗauka, Sharhabilu. Ya ce irin wannan maganar ba ta waya ba ce. Gobe Kano in Allah ya kai mu. Maigidan zai raka ni.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Jiya ban iya rubutu ba.

Shagon yanzu caja da gilashin waya ake sayarwa, littattafan an tura su ƙurya. Sharhabilu mai fara'a ne, ya sa aka kawo mana lemo, yana ta Hajiya, Hajiya. Bai ɓoye komai ba, shi bai ma ga abin ɓoyewa ba. Ya ce Baba tun farko sayar da littafi yake gaba ɗaya, har filet ɗin da ake bugawa da shi, a sallame shi ya hau mota ya koma. Da ido ya hana shi kawo sabo, kasuwa kuma na neman Jinjiri Batsari, sai Alhaji ya sa masu taifin na shago da abokansu suna rubutawa ana liƙa sunan. "Haka ake yi, Hajiya. Suna ai kamar tambarin buhun shinkafa ne. Kuma kowane ya fito muna aika wa Malam nashi, bai taɓa zuwa ya ce uffan ba."

Mai Nuna Gida wani ne ya rubuta da ya taɓa yawon sayar da maganin dabbobi a rugage ta wajenmu, shi ya sa ya san hanya. Ya bar Kano da daɗewa, ba a san inda yake ba. Ko an sani ba za a faɗa ba.

Ɗayar tambayar, ta sadaukarwar, ban yi niyyarta ba, bakina ne ya yi. Ya yi dariya ya ce ai kalandar bikina su suka buga, ƙanena ya kai aikin, guda ta daɗe rataye a shago. Da za a fitar da na farkon da masu taifin suka rubuta Alhaji ya ce a sa wani abu na gida don masu karatu su yarda. Mai taifin ya ɗaga kai ya ga kalanda. "Sanyin idona" ma shi ya ƙara, wai ya fi daɗi. Daga nan kwafa kawai ake yi.

Na shanye lemon har ƙasa, ban san dalili ba.

Maigidan ya roƙe shi ya biyo mu Batsari, ko ya rubuta takarda ya sa hannu. Nan fara'ar ta ɗauke. Ya ce shi mai iyali ne, ba zai sa sunanshi a maganar ɓarayin daji ba, mu yi haƙuri. Har bakin titi ya rako mu.

A mota Maigidan na ta zancen lauya. Na yi kamar ina barci tun daga Bichi har Kankiya.

Litinin, 7 ga Oktoba

Maigidan ya ce a ɗauko Baba a ɓoye a kai shi Katsina. Na ce in ya gudu ya amsa laifi ke nan, kuma Gwaggo da ƙannena da gidan fa? Ya ce to me ke hannunmu, ba takarda ba shaida. Na ce akwai. Ya ce mene ne? Na ce miya na ƙonewa.

Yau na ji haushin Baba ƙwarai. Shekara da shekaru yana amsa Marubuci a kan aikin wasu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski, na yarda, amma don me ni ce zan riƙe askar.

Laraba, 9 ga Oktoba

Batsari. Na ce wa Hedimasta Gwaggo ba lafiya, kuma ba ƙarya ba ne, hawan jininta ya tashi.

Mutum biyu na zaune a dakalin da ke kallon ƙofarmu, bindigoginsu jingine da bango. Sun gaishe ni da ladabi, har da ya makaranta. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Na faɗa wa Baba na je Kano na ga ɗan Alhaji Salmanu. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Wa ya aiki mutane Kano?" Na ce gobe ka ce ba kai ba ne, shi ke nan. Ya ce, "A bar maganar nan. Ni na rubuta." Na ce Baba kashe ka za su yi. Ban taɓa ɗaga mashi murya ba sai yau. Ya ce kowa da ranarshi, a je a ci abinci.

Girman kai ne wallahi, ba komai ba. Na gaji.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa. Zauren Dagaci ya cika har waje. Ga Liman, ga dattawan unguwa, ga Bashar da mutanenshi tsaye jikin bango. Bashar ya rame, ido ya faɗa. Ajinmu ɗaya a firamare. Ni ina bakin ƙofa, Maigidan ya nema mani izinin magana.

Baba ya maimaita nashi, shi ya rubuta, daga kai ya ƙago. Bashar ya ce, ba da ƙarfi ba, "Baba Jinjiri, kai ba ya ƙago tsamiya a inda tsamiya take."

Aka ce in yi magana. Na faɗi na Kano duka. Wani ya ce ina shaida, ɗiya ai dole ta kare ubanta. Gaskiyarshi. Sai na buɗe Mai Nuna Gida na ɗaya, na ce ga abin da ke shafin farko, na karanta da ƙarfi yadda nake wa 'yan aji. Har "sanyin idona". Na ce, "Iyayena, ku kuka san shi tun kafin a haife ni. Wa ya taɓa jin sunan nan a bakinshi?"

Sai Liman ya ce shi ya raɗa mani suna, kuma ranar Baba gona ya gudu sai da aka watse. Wani tsoho ya ce ran ɗaurin aurena ma Kawu ne ya tsaya, shi Jinjiri ya tafi Katsina sayen abin da ba a aike shi ba. Aka ɗan yi dariya. Na miƙa na da ɗin da na zo da su, aka ba wani malami ya karanto shafin gaisuwa. Ƙannena duka, mai shayi, direba. Babu ni.

Bashar ya ce abin da baki ke jin kunya biro ba ya ji. Abin da nake gaya ma kaina ke nan tun ina amarya, kalmomin ma kusan iri ɗaya.

Dagaci ya juya ga Baba. "Malam Jinjiri, ka ce kai ka rubuta. Ba mu ce ka karanta ba, mun san ido. Maimaita mana abin da yarinyar nan ta karanto, tunda maganarka ce."

Baba ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Sadaukarwa ga ɗiyata ta fari." Ya tsaya. Ina kallon bakinshi, na ga leɓen ya motsa. Allah ya sani a lokacin na manta da Bashar da bindigogi. In ya faɗa ya halaka, na sani sarai, kuma ina tsaye ina so ya faɗa.

Ya sake ɗaukowa daga farko, ya sake tsayawa a wurin. Can ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban rubuta ba. Tun da ido ya tafi ban rubuta ko ɗaya ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Liman ya ce a yi salati. Dagaci ya karɓi littafin ya ce shi zai miƙa wa hukuma da bayanin Kano, kada wanda ya je ko'ina da kanshi. Bashar ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya fita bai yi sallama ba. Kafin magariba dakalin ƙofarmu ba kowa.

Baba ya tsira. Alhamdu lillahi. Na rubuta ne don in gani a rubuce, ko zan ji daɗin da ya kamata in ji.

A hanyar gida yana gaba da sandarshi, ina baya. Mutane na ba shi hanya ba su gaishe shi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na mayar wa Hajiya Saude buhunta, ta ce ba ta karɓa, kajinta sun sami fili. Yana nan bayan ƙofa. Nawa na akwati na jefa shi ciki tare da sauran, shi ma ai nasu ne.

Gwaggo ta ce a waya Baba bai leƙa teburin mai shayi ba tun ranar. Masallaci, ɗaki. Ƙanwar Bashar har yanzu shiru.

Talata, 15 ga Oktoba

Ba abin rubutawa. Ruwa ya ɗauke, ana ta cirar gyaɗa, rabin ajina na gona.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na kai ma Gwaggo magani. Baba na ɗaki, wai barci. Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida na ce mata girman kai ya kusa kashe ƙanenta a banza. Ta watsa mani ɓawo.

"Ke dai boko kika yi, ba hankali ba."

Ta ce ran da na farkon da ba shi ya rubuta ba ya iso daga Kano, Baba ya yi tsalle ya dire. Ya ce gobe zai je ya kai Alhaji Salmanu ƙara, har ya sa ta wanke mashi babbar riga. Ya yar da guda a tabarmar zaure don haushi. Da yamma sai ga ni na zo ganin gida. Zai fito ke nan ya hango ni tsugune da littafin a buɗe, ina bin shafin da yatsa. Lokacin idon da saura. Ya koma da baya. Da na shige ya ɗauko wani kwafin ya sa ƙanena ya karanta mashi abin da ke wurin.

"Sai ya zo ya same ni ya ce, Yaya, ninke rigar nan. In na ce ba nawa ba ne na ƙwace mata."

Ta ci gaba da ɓara. Ta ce tun daga ranar duk ƙaryar da mutanen Kano suka aiko haɗiyewa yake, in an yaba ya amsa, har ya saba, har abin ya zame mashi jiki. "Saboda layi biyu. Ke kau kika je gaban gari kika karanta."

Na ce da ban karanta ba da yanzu zaman makoki muke. Ta ce ta sani, shi ma ya sani. Ta ce da muka dawo ranar abu ɗaya ya tambaye ta, ko waccan ta ci abinci.

Na yi kuka sosai, Gwaggo ta janye kwandon gyaɗar daga gabana ta ƙyale ni.

Da zan tafi na tsaya ƙofar ɗakinshi na ce Baba na tafi. Ba barci yake ba. Ya ce, "Kar a yi dare a hanya." Na ce to. Na ɗan ƙara tsayawa yadda na saba, sai na ga ba abin da nake jira.

Asabar zan koma. Maganin Gwaggo zan kai, ko da yake na yau ko buɗe shi ba a yi ba.